Jan Farcen Auta

An ce jan farce yana sa na'urar auna iskar jini ta yi ƙarya. Mai gyaran gashi ce ta faɗa wa Auta, ita kuma ta ji a bakin wata da take wanke wa kai, wadda matar ƙanen mijinta ke aikin shara a wani asibiti. Kafin maganar ta iso kunnen Malama, yayar Auta, ta waya da ƙarfe bakwai na safe, ta riga ta bi ta baki huɗu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa gwadawa.

Shi ya sa ƙarfe tara ya same ta tsaye a shagon kayan kwalliya, jaka a hammata, tana kallon kwalabe jere a kan katako kamar 'yan makaranta a layi.

"Na biki ne, Mama, ko na zaman gida?" in ji mai shagon.

"Na gwaji ne. Ba ni mafi duhu da kike da shi."

"Mai sheƙi ko marar sheƙi?"

Malama ba ta san an raba su ba. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, kuma duk abin da ya taɓa haɗa ta da jan farce shi ne korar masu shi daga aji. Ta ce a ba ta kowanne. Mai shagon ta jawo ƙaramin faranti na kwalaben da aka buɗe don masu saye su gwada, ta tura mata.

Malama ta fito da na'urar daga jaka. Ɗan abu ne kamar abin maƙale shanya a igiya, a sa shi a yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jini. Guda biyu ta saya bara, lokacin da ciwon huhun ƙanwarta ya tsananta: ɗaya ga Auta, ɗaya ta ajiye don ta riƙa kwatantawa. Likita ya faɗa a gabansu, ya kuma rubuta a takarda, cewa duk ranar da lambar ta sauka ƙasa da casa'in a kawo ta nan take, kada a jira. Yau kwana uku ke nan ta Auta tana nuna tamanin da shida, tamanin da bakwai. Auta ta ce jan farce ne. Ta ce ba inda za ta, kuma ba wanda zai taɓa mata farce. Da 'yarta ta matsa, sai ta ce a kawo mata hujja, ai akwai mai ilimi a gidansu.

Malama ta buɗe baƙin, ta dangwalo, ta lafta a ɗan manuninta na hagu har ya gangara kan fata. Ta maƙala na'urar. Lambobi suka yi ta rawa, suka ɓace, suka dawo, suka tsaya a tamanin da takwas.

Ta daɗe tana kallo. Ita da kowace safiya na'urar ke ba ta casa'in da bakwai. Duk rayuwarta ba ta taɓa jin daɗin ganin jita-jita ta tabbata ba sai yau. Har ta zaro waya ta nemo lambar 'yar Auta, sai hannunta ya tsaya. Ta tuna abin da take kwankwasa wa yara a kai kowane zango: in kin gwada da abu, ki gwada ba shi.

Ta cire na'urar ta sa a yatsan dama, wanda ba a shafa wa komai ba. Tamanin da takwas.

Ta buɗe bakin na'urar ta leƙa. Baƙin fenti ya shafe ɗan gilashin da haske ke fitowa.

Mai shagon ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na motsi. "Ayya Mama, ai ba a taɓa komai da shi sai ya bushe. Ko 'yar shekara goma ta san wannan."

"To ni ban kai goma ba. Ba ni auduga da tsinke."

"Ga ruwan gogewa."

"Zai cinye robar. Auduga kawai."

Minti goma ta ɓata tana sakace gilashin, gira a haɗe. Da ya fita, yatsan dama ya ba ta casa'in da bakwai. Ta sake shafa baƙin, ta tsaya da yatsa a sama kamar mai neman izinin magana a aji har ya bushe. Casa'in da shida. Ta mayar da wayar cikin jaka ba ta kira kowa ba, ta sayi kwalbar baƙin don kada a ce ta zo ta ɓata wa mutane lokaci, ta fita.

A cikin bas wata mata ta dubi yatsan, ta dubi furfurar Malama, ta sake duban yatsan. Malama ta bar ta ta duba. Motar ta tsaya a kowace kwana, har inda ba kowa.

'Yar Auta ce ta buɗe ƙofa. Lauya ce, kuma haka Malama take kiranta tun kafin ta gama karatu. Tana sanye da baƙaƙen kayan kotu, makullin mota a hannu.

"Inna, na roƙi a ɗage min shari'a. Tun asuba nake magana, ban ci nasarar ko jimla ɗaya ba."

"Yatsun ƙafa fa? Kin gwada?"

"Su ma a shafe suke. Goma cif."

Auta tana zaune a kan gado, an jera mata matasai uku a baya, taga a buɗe, fanka na kaɗawa. Ta ɗaura ɗankwali ta sa 'yan kunne kamar mai jiran baƙi. Shekararta sittin da ɗaya, Malama ta ba ta tara. Hannayenta na kan cinya, farata goma a shafe da wani launi tsakanin shuɗi da baƙi, suna sheƙi kamar bayan ƙwaro. Shekara arba'in suna gardama a kan waɗannan farata, ta fuskar lafiya, ta fuskar ibada, ta fuskar kyan gani, ba wadda ta kayar da wata.

"Yaya, sannu da zuwa," in ji Auta. Ta ja numfashi. "An turo ki ke nan."

"Na gwada. Ga shi." Malama ta ɗaga yatsa. "Baƙi ƙirin. Casa'in da shida. Tashi mu tafi."

Auta ta kama yatsan, ta juya shi a haske, ta yatsina fuska. "Wannan shafi ne? Kamar kin tsoma hannu a kwalta."

"Ba kyau na zo nunawa ba."

"Shafi ɗaya ne. Nawa huɗu." Ta tsaya ta huta. "Na ƙasa. Launi sau biyu. Sannan na sama. Ke da kike cewa sai abu ya yi daidai da ɗan'uwansa kafin a kwatanta."

Lauya ta dubi Malama. Malama ta dubi bango. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne Auta ta yi gaskiya.

"Kuma in ba ya hanawa," Auta ta ci gaba, "me ya sa in an kwantar da mutum, abin da suke fara yi shi ne goge shi?"

"Wataƙila yana rage ɗaya ko biyu."

"Wataƙila. Yau Yaya ce da wataƙila." Ta nuna durowar gefen gado da haɓa. "Jawo ta ƙasan. In za a yi gwaji, a yi na gaskiya. Ni zan shafa miki."

"Umma, wannan zai ci awa guda," in ji Lauya.

"Kotu ce? Zauna."

Malama ta auna abin a ranta. Ba za su iya ɗaukar Auta da ƙarfi ba. Jiya Lauya ta gwada, Auta ta kulle kanta a banɗaki har sai da aka rantse mata. Awa guda da yardarta ta fi yini guda ba yarda. Ta jawo durowar.

Kwalabe sun fi hamsin, a tsaye cikin kwalayen takalmi, kowane launi da danginsa. Auta ta sa aka ɗora mata faranti a cinya, ta goge baƙin shagon da auduga tana tsaki, ta kama hannun yayarta ta shimfiɗa.

"Dubi farata kamar na makaniki. Da me kike yanke su, wuƙa?"

"Da abin yanke farce, kamar kowa."

"Kowa ba ya yanke su har cikin nama."

Ta fara da na ƙasa, fari kamar ruwa, yatsa bayan yatsa. Sannan ta shiga zaɓe. Ba ta girgiza kwalba, sai dai ta murza ta tsakanin tafukan hannu, ta ce girgizawa na sa kumfa. Malama ta buɗe baki za ta tambayi wa ya tabbatar, ta fasa. Babban yatsa ya sami ja mai sheƙi. Manuni ya sami baƙi marar sheƙi, wanda in ya bushe sai ya koma kamar allon aji. Na tsakiya kore mai duhu, na zobe shuɗi mai ƙyalƙyali da 'yan ƙwayoyin azurfa a ciki, ɗan ƙaramin kuwa ruwan hoda.

"Ruwan hodan na mene ne? Duhu muke nema."

"Na ganin ko zai karɓe ki. Bai karɓe ki ba."

Lauya ta yi dariya ba ta shirya ba, sannan ta duba agogo.

Ja uku Auta take yi a kowane farce: ɗaya a tsakiya, ɗaya dama, ɗaya hagu, sai ta shafa bakin farcen ta rufe. Malama ta lura tana riƙe numfashi a kan kowane ja, kamar yadda mai zare allura yake yi, kuma bayan kowane yatsa sai ta jingina ta biya bashin iskar da kafaɗu. A yatsa na bakwai burushin ya kauce ya taɓa fata. Auta ta tsaya tana kallon ɗigon. Ta sa bakin farcenta ta ɗauke shi.

Hannun dama ya sami ruwan toka, ruwan hanta, wani mai kama da ƙarfe, da wani fari mai walƙiyar lu'ulu'u. Manunin dama ne Auta ta ajiye wa nata launin, shuɗi-baƙin nan.

"Yanzu a jira."

"Minti nawa?"

"Har ya bushe."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita ce amsar."

Lauya ta ce ta ji ana tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, ya bushe nan da nan. Auta ta ce ƙarya ne, sama kawai yake daskarewa, ciki ɗanye. Lauya ta ce to injin busar da gashi. Auta ta ce a ɗauke mata wannan yarinya daga gabanta. Malama ta zauna da yatsu goma a baje a kan gwiwa, hancinta na ƙaiƙayi ba halin sosawa, wayarta na ruri a jaka ba halin ɗauka. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Aka yi shafi na biyu, aka jira. Aka yi na sama, wanda Auta ta tsallake wa baƙin don kada ya ɓata masa dushewa, aka sake jira. Malama ta riƙa ƙirga numfashin ƙanwarta a zuci tana kallon agogon bango. Ashirin da takwas a minti. Ta sake ƙirgawa ko ta yi kuskure. Talatin.

Da sha biyu saura, Auta ta taɓa kowane farce da gefen ɗan yatsa ta ce sun yi.

"Da taki na'urar za mu gwada," in ji Malama, "kada ki ce tawa daban ce. Lauya, ɗauki takarda. Layi uku: yatsa, launi, lamba."

Ja mai sheƙi, casa'in da bakwai. Baƙi marar sheƙi, na'urar ta yi jinkiri, ta lumshe sau biyu. Auta ta ɗago daga matashi. Sannan na'urar ta ce casa'in da biyar. Kore, casa'in da shida. Shuɗi mai ƙyalƙyali, casa'in da shida. Ruwan hoda, casa'in da takwas.

"Kin ga ko bai karɓe ni ba, ya fi kowa kirki," in ji Malama.

Ba wanda ya yi dariya. Hannun dama ya bi sahu: casa'in da bakwai, da bakwai, da shida, da bakwai. Malama ta bar manunin har ƙarshe. Ta maƙala, ta juya fuskar na'urar wajen Auta don ta karanta da kanta.

"Karanta."

"Idona ba ya gani."

"Idon da ya ga ɗigo a fatata. Karanta."

"Casa'in da shida."

Malama ta cire ta, ta kama manunin Auta mai launi iri ɗaya daga kwalba ɗaya, shafi huɗu da huɗu, ta maƙala. Yatsan yana da sanyi. Tamanin da biyar.

"Farcenki ya fi nawa kauri," in ji Auta.

"In ya fi kauri ai ni ya kamata ta cuta."

"To jininki daban."

"Abin da muke faɗa miki ke nan tun shekaranjiya."

Auta ta zare yatsanta ta cusa hannayen ƙarƙashin mayafi. "Nawa ya kwana huɗu a jiki. Naki na yau ne. Ya kan ƙara tauri."

Malama ta miƙe tsaye. Ta ji zafi ya hau mata wuya, irin wanda take ji in ta gama bayani a allo ɗaliba ta ce ai a gida ba haka aka ce ba. Ta je bakin taga ta dawo.

"Auta, na bar gidana ban karya ba. Na zama abin dariya a shago. Na zauna awa guda kin mai da ni bakan gizo. Duk sharaɗin da kika kafa na cika. Yanzu so kike in koma in dawo bayan kwana huɗu? A ina zan same ki?"

"Inna," in ji Lauya a hankali.

"Bar ni. Saura gwaji ɗaya, kuma ta san shi. Tun farko shi kaɗai ake bukata. Yatsa ɗaya, Auta. Ɗan ƙaramin ma ya isa. In lambar ta hau, ni da kaina zan tafi wurin mai gyaran gashin nan in ba ta haƙuri, kuma in bar wannan abin a hannuna har ya ɓare da kansa."

Auta ta dubi fanka. Da ta fara magana, a gutsure maganar ta riƙa fitowa.

"Bara, da kuka kai ni asibiti. Kafin su tambayi sunana, sun goge. Suka cire 'yan kunne. Suka ba ni rigar nan mai buɗaɗɗen baya. Kwana goma sha biyu ana ce min gado na shida." Ta numfasa. "Na duba hannuna a kan bargo, ban gane shi ba. Hannun Iya na gani. Kin tuna hannun Iya a ƙarshe."

Malama ta tuna hannun mahaifiyarsu. Ta koma ta zauna a bakin gadon. Ba ta da abin cewa da za ta iya tabbatarwa, don haka ba ta ce za a warke ba, ba ta ce kwana biyu ne kawai ba.

"Zan zauna tare da ke," ta ce. "Duk wanda ya ce gado na shida zai ji daga gare ni. Kin san ni."

"Na san ki. Za su kore mu tare."

"To su kore mu."

Lauya ta juya musu baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Auta ta fito da hannun hagu daga ƙarƙashin mayafi. Ba ƙaramin ta miƙa ba, manunin ta miƙa. Malama ta jiƙa auduga da ruwan gogewa ta fara murzawa.

"Ba haka ba. Ɗora ki danne. Ki ƙirga goma. Sannan ki ja sau ɗaya."

Malama ta danne, ta ƙirga goma, ta ja. Launin ya biyo audugar kusan duka, ita kuma jan babban yatsanta ya narke ya ɓaci. Ta sake jiƙa wata ta share gefe-gefe. Farcen ya fito. Ba ja-ja yake ba irin na mai lafiya. Toka-toka ne, da shuɗi a gindinsa. Ta jira ruwan ya bushe sarai, ta duba gilashin na'urar ta tabbatar ba komai a kai, ta maƙala, ta riƙe hannun a cikin nata don kada ya motsa.

Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Ta ba su minti guda cur ko za su canja ra'ayi.

"Tamanin da biyar," in ji Malama. "Ba jan farcen ba ne."

"Na sani," in ji Auta. "Ranar Talata na goge wannan ɗin na gwada. Tamanin da shida ya ba ni. Sai na mayar da shi."